Sandar da Hilario Ya Tafi da Ita Gida

Hilario Urrutia mai gashin burodi ne, kuma duk wanda ya tashi a garinmu da burodinsa ya girma. Amma ba wannan sana'a ya so ba. Tun yana saurayi ya tafi birnin Bahía Blanca neman aikin tuƙin jirgin ƙasa, ya ci kowace jarrabawa, sai a ta ƙarshe likita ya gano cewa idonsa ba ya bambance ja da kore, launukan fitilun ba da hanya, aka ƙi ɗaukarsa. Ya dawo ya gaji tandar mahaifinsa, wadda ke fuskantar tasha, ya shafe ƙuruciyarsa yana kwaɓa fulawa yana kallon jirgin alkama yana wucewa a hannun wasu.

Bayan da aka rufe layinmu, ciyawa ta cinye dogo, sai Don Fermín Zabaleta, tsohon shugaban tasha, ya gina ƙaramin kwatankwacin layin a garejinsa, a kan tebur mai zagaye bango uku. Akwai tasharmu, da rumbunan hatsi, da gada, da bakin teku inda ake sauke kaya. Taragun ba su fi tafin hannu ba, amma Don Fermín bai yarda a kira abin wasa ba. A wurinsa jirgi ba ya zagaye don a yi kallo. Tarago yakan je rumbu babu komai, a cika shi da alkama ta gaske da ƙaramin cokali, a haɗa shi da 'yan'uwansa, a kai shi bakin teku, a juye, a dawo da shi. Kowace Asabar da yamma mukan taru, ƙoƙon shayin mate yana zagayawa, ni ina kula da bakin teku, Hilario kuma yana tuƙa jirgin alkama, wanda shi ne mafi tsawo da nauyi. Shi ne jirgi kaɗai da ya taɓa tuƙawa a rayuwarsa.

Tsakanin tasharmu da bakin teku dogo ɗaya ne, kamar yadda yake a layin gaske. Saboda haka dokar gaske ce ke aiki: babu direban da zai shiga wannan yanki sai yana riƙe da sandar izini, wata gajeriyar sandar ƙarfe da Don Fermín ya adana tun ranar da aka kulle tasha. Da yake sandar ɗaya ce, jirage biyu ba za su taɓa yin karo ba.

Ana nan sai Nicanor Ledesma ya dawo gari da zama. Shi direba ne na gaske, wanda ya yi ritaya bayan ya tuƙa manyan jirage har tsufa. Mutum ne mai fara'a, kuma wannan ya ƙara tsananta lamarin. A Asabar ta uku da zuwansa Don Fermín ya raba aiki, ya ba shi jirgin alkama, ya ba Hilario jirgin madara mai taragu biyu.

"Ban ji da kyau ba, Fermín," in ji Hilario. "Madara ka ce?"

"Madara na ce. Jirgi mai nauyi na wanda ya fi daɗewa a aiki ne. Haka doka take."

"Wane aiki? Wa ya taya ka manna duwatsun gadar nan ɗaya bayan ɗaya? Alkamar da ke cikin taragun ma daga buhuna ta fito!"

"Haba ɗan'uwa," in ji Nicanor yana dariya, "madara ma fa tana da daraja. Ka dai yi hankali kada ka kai mana ita ta zama cuku."

Kowa ya yi dariya ban da Hilario. Daga ranar ya daina kawo biskit ɗin kitse da ya saba kawowa, kuma idan ƙoƙon mate ya fito daga hannun Nicanor, sai ya ce cikinsa ba daɗi. Yakan tsaya a bayansa yana jiran kuskure. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne babu kuskuren. Nicanor yakan taso da jirgin a hankali har sarƙoƙin taragun su miƙe ɗaya bayan ɗaya, ya tsayar da shi daidai bakin rumbu ba tare da ƙwayar alkama ta zube ba.

"Malam, ka gani ko?" Hilario ya ce mini a hanyar gida. "Allah ya ba shi babba, ya tuƙa har ya gaji. Ƙaramin da ya rage mini ma sai ya biyo shi."

Wata Asabar, Hilario ya karɓi sandar a bakin teku, ya taso da jirgin madara. Jirgin alkama yana tsaye a tasharmu cike da kaya, yana jiran ya iso. Yana tsakiyar gada sai ya ji Don Fermín yana cewa Nicanor, "Rabona da ganin tuƙi irin naka tun layi yana da rai." Hilario ya tsayar da jirginsa a kan gadar, ya sa sandar a aljihun kwat, ya ɗauki hularsa, ya fita.

Muka jira har duhu ya fara. Nicanor ya miƙa hannu zai ɗauke jirgin madara daga kan gada, Don Fermín ya riƙe masa wuyan hannu.

"A layin gaske ka taɓa ganin hannu ya sauko daga sama?"

Haka layin ya tsaya. Asabar ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Mukan taru, mu sha mate, mu kalli jirage biyu da ba sa motsi. Ƙura ta hau kan taragun, ɓera kuma ya gano alkamar. Na je gidan Hilario na tarar da sandar a kan teburin cin abinci, matarsa Doña Elvira tana cewa in bai ɗauke ta ba za ta murza ƙullu da ita.

"Su tuƙa mana," in ji shi. "Wutar lantarki ce ke jan jirgin, ba sanda ba. Ga babban direba suna da shi."

Na gaya masa abin da ya faru, ban ƙara ba ban rage ba. Nicanor ya ce zai sa maƙeri ya ƙera wata sandar, Don Fermín ya ƙi. Ya ce layin da ke da sanda biyu layin mutuwa ne. Ya ce akwai direba a kan hanya riƙe da sanda, kuma muddin direban bai iso ba, duk duniya za ta jira shi.

Hilario ya dubi sandar. Can ya ce, "Direba ya ce?"

"Haka ya ce."

"Da bakinsa? A gaban wancan?"

"A gabansa."

Asabar ta gaba ya shigo da ƙunshin biskit a hammata. Bai nemi afuwa ba, ba a kuma nemi ya nema ba. Ya hure ƙurar da ke kan jirgin madara, ya taso da shi daga kan gada, ya shigo da shi tasha, ya ciro sandar ya miƙa wa Don Fermín da hannu biyu.

"Jirgin madara ya iso a makare," in ji Don Fermín, fuskarsa a ɗaure. "Dalili, direba?"

"Matsalar hanya, ranka ya daɗe."

"Cukun dai ya nuna," in ji Nicanor, ya karɓi sandar.

Jirgin alkama bai dawo hannun Hilario ba, domin Don Fermín ba ya sauya doka don kowa. Amma dokar ta faɗi iyakar gudun jirgi ne, ba ta faɗi iyakar nawarsa ba. Har yau, kowace Asabar, jirgin madara yakan ratsa gadar nan kamar kunkuru, sandar tana aljihun Hilario, Nicanor kuma yana tsaye a tasha da taragunsa cike, yana buga yatsu a kan tebur.

"Ɗan'uwa, yau za ka iso kuwa?"

"Jira dai, babban direba," in ji Hilario, idonsa a kan dogo. "Akwai mutum a hanya."