Sarkin da Ya Buga Gangar Shuka

Ran Larabar da ta wuce, kafin mushe, wato malaminmu, ya shigo ajinmu na yaƙi da jahilci, gardama ta kaure tsakanin dattawan bencin baya. Wani abu suka ji a rediyo ya tayar da ita: wai janar ɗin da ya ci yaƙi, in aka ba shi shugabancin ƙasa, zai iya? Wannan ya ce wanda ya iya da maza a daji me zai gagare shi a gari. Wancan ya ce sam, ba haka abin yake ba. Ni ina zaune da bik ɗin rubutu a hannu, amma raina ya riga ya koma tsakar gidanmu ta da, gaban murhun Kaka Delu.

Gidanmu yana bakin garin Matameye ne, ta hanyar Kurni. In an yi isha'i an kwashe tuwo, wutar murhu ta koma garwashi, sai Kaka ta jawo tabarmarta da ƙwaryar gyaɗa tana ɓarewa. Mu kuma mu kewaye ta, muna satar ɗaya-ɗaya muna turawa cikin toka. Lokacin sanyi har da rake daga fadama. Ni takan kira ni maigidanta, ta ce tunda take ba ta taɓa ganin miji mai yoyon hanci irina ba. Ba ta fara tatsuniya sai ta ce, "Ga wata baƙuwa a bakin zaure." Mu amsa baki ɗaya, "A buɗe mata ta shigo!" Har yau in na ji ƙamshin gyaɗa a toka, muryar nan nake ji.

Mutum ɗaya ne a gidan da Kaka ba ta yi wa magana, shi ne Baffa Mamman, yayan babana. Ba faɗa suka yi ba. Ɗanta ne na fari, ita kuma irin matan da ne masu tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa. In ya shigo gaishe ta, sai ta juya gefe ta amsa wa bango. In tana da saƙo, mu take aikowa: "Ku je ku gaya wa yayan ubanku."

Baffa tun yana ɗan saurayi ya tafi soja, ya dawo da girman sarjan da ɗingishi a ƙafar hagu da usur rataye a wuya. Bai daɗe da dawowa ba ɓarayi suka kore shanun unguwarmu. Ya tara samari, ya bi sawu kwana biyu har bayan Yauri, ya dawo da dabbobin ko ɗan maraƙi bai ɓata ba. Daga ranar maganarsa ta zama yanke. Da kakanmu ya rasu, babu wanda ya tsaya tunani, aka danƙa masa gandu. Ya riƙe mu da gaskiya, wannan kam ba mai musu. Ba ya cin abinci sai ya tabbata kowa ya samu. Sai dai da usur yake tayar da mu, a jere muke tafiya gona, kuma shekarun da ƙannensa suka yi suna koyon halin ƙasa, shi a bariki ya yi su.

Shekarar da nake magana, daminar baya ba ta yi kyau ba. Rumbu ya ƙare tun kafin bazara ta yi nisa. Abin da ya rage mana irin gero ne tulu biyu a ɗakin Kaka, wanda ita da kakanmu suka zaɓa zangarniya-zangarniya. In wannan ya tafi, babu wani.

Wata la'asar hadari ya haɗu, aka yi iska mai yawa, aka sako ruwan farko. Muka yi ta tsalle a cikinsa. Da magariba Baffa ya tara maza a zaure ya ce gobe da asuba a fita shuka, gonakin gandu duka, irin duka. Babana, wanda bai fi mako da dawowa daga ci-rani a Kano ba, ya riga ya je bayan gida ya tona ƙasa da hannu, ya ga danshin bai wuce tsawon yatsa ba. Ya ce, "Yaya, da mun ɗan dakata..." Baffa ya ce, "Habu, an gama magana." Babana ya sunkuyar da kai.

Da aka yi isha'i, sai muka ga Kaka ta kwashi garwashi a kasko, ta ja tabarmarta can jikin zanan da ya raba tsakar gida da turakar Baffa, inda aka kai masa tuwo. Ta buɗe tatsuniya da murya sama. Yayata Zinaru ta ce, "Kaka, yau kurame muka zama ne?" Ta ce, "Ke dai rufe bakin nan mai kama da na tulu, ki buɗe kunne."

Ta ce a wata ƙasa an yi mahara da suka hana mutane sakat. Su ƙone rumbuna, su kore dabbobi, su tafi da 'ya'yan mutane. Sai wani sarkin yaƙi ya tashi, ya tara maza, ya koya musu abu ɗaya: in an buga ganga kowa ya taso tare, ba mai tambaya, ba mai waiwaye. Da haka ya karya maharan har ba su sake dawowa ba. Mutanen ƙasar suka taru suka ce wanda ya cece mu shi zai riƙe mu. Suka naɗa shi sarkin ƙasar baki ɗaya.

Na ce, "Ya yi mulki mai kyau?"

Ta ce, "Maigida, gaggawar me kake yi, ko miya ka bari a wuta? Ya yi abin kirki da yawa. A zamaninsa mace takan taso daga wannan gari zuwa wancan da ƙwaryar nono ita kaɗai. Ya sa an haƙa rijiyoyi. Bai taɓa cin akuyar maraya ba. Amma ganga ba ta bar hannunsa ba. Da ganga ake buɗe kasuwa, da ganga ake ɗebo ruwa."

Ta ce ana nan sai aka yi ruwan farko, ɗan yayyafi mai yawan iska. Sarki ya ce gobe ƙasa duka ta fita shuka. Wata tsohuwa ta zo ƙofar fada ta ce a gaya masa ƙasa ba ta sha ba tukuna. Amma waɗanda ke kewaye da shi abokan yaƙinsa ne, sun saba in ya ce a tafi, a tafi. Suka kore ta. Da asuba aka buga ganga, kowa ya ɗauki sungumi ya zuba irinsa duka. Gero ya tsiro kore shar, maroƙa suka yi ta kirari. Sai sama ta rufe bakinta. Rana ta yi ta dukan tsiron har ya kwanta ya ƙone. Da ruwan gaskiya ya zo, babu abin da za a sa a rami.

"Mutanen da suka ɗauke shi a kafaɗa," in ji Kaka, "su ne suka riƙa tofar da yawu in an ambace shi. Suna cewa ya raba mu da mahara, ya haɗa mu da yunwa."

Daidai nan muka ji an ajiye akushi a bayan zana. Muka ji jan takalmi, ƙafa ɗaya tana bin ɗaya da ɗingishi, har sautin ya fita ta zaure. Kaka ta daɗe tana juya garwashi da tsinke. Sannan ta ci gaba, amma yanzu a hankali, sai da muka matso.

Ta ce sarkin bai hau doki ya gudu ba, bai kuma sa an kama masu zaginsa ba. Ya tuɓe takalmi, ya taka da ƙafa har bukkar tsohuwar nan, ya durƙusa ya ce, "Inna, na iya yaƙi, ban iya ƙasa ba. Koya mini." Ashe ta ɓoye iri a cikin gora. Ta ba shi, aka raba wa gari-gari tafi-tafi, aka tsira da ƙyar. Daga shekarar, ba a buga gangar shuka sai tsohuwa ta tura hannu cikin ƙasa ta ce danshi ya kai wuyan hannu.

Zinaru ta ce, "To shi ke nan, sarkin kirki ne ko na banza?"

Kaka ta ce, "Na kirki ne, 'yar nan. Tun farko ma na kirki ne, kunne ne bai da shi, ya kuma samu. Uwar da ta haife shi ba ta yi asara ba." Ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Baƙuwa ta gaji, ta shimfiɗa tabarma. Ku tashi ku ba ni wuri."

Da asuba usur ya yi kuka kamar kullum. Muka fito muka jeru. Baffa ya sa aka fito da tulunan biyu, ya tsaya yana kallonsu. Can ya ce wa babana, "Ɗauki ɗaya. Ɗayan a mayar wa mai shi." Bai dubi ɗakin Kaka ba, ita ma ba ta leƙo ba.

Muka shuka gonar da ke kusa da gida, da rabin ta jigawa. Gero ya tsiro, ya yi kyau, sannan rana ta cinye shi muna kallo. Kullum da yamma Baffa yakan tafi gonar shi kaɗai ya tsaya. Sai bayan kusan mako uku aka yi ruwa na sosai, tun dare har hantsi. Da aka ɗauke, na ga abin da ban taɓa gani ba. Baffa yana tsaye da usur a hannu bai busa ba, babana yana durƙushe yana tona ƙasa. Baffa ya ce, "Habu, ya kai?" Babana ya zaro hannu da laka har wuyan hannu ya ce, "Ya kai, Yaya." Sannan ya busa. Tulu ɗayan nan muka yi ta tsantseni da shi, ƙwaya kaɗan-kaɗan a rami. Ba mu cika rumbu ba a shekarar, amma ba mu bar gida ba, ba mu kuma roƙi iri a wurin kowa ba.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar ta noma ce. Da na girma na fara bin sawun babana zuwa ci-rani, na ga masu mulki sun hau sun sauka, wasu da kaki wasu da babbar riga, sai na ɗauka ta sarauta ce: a wurin yaƙi ana son wanda in ya yi magana kowa zai yi shiru, a wurin riƙon jama'a kuwa ana son wanda zai iya yin shiru wata tsohuwa ta yi magana. Har yanzu ina ganin haka ne. Amma akwai abin da ban gane ba sai da Baffa ya tsufa.

Lokacin Kaka ta daɗe da rasuwa, babana ma ya bi ta. Baffa idonsa ya yi rauni, yana wuni a zaure. Wata rana da hantsi ina matsa masa ƙafar nan mai ciwo, sai ya ce, "Laminu."

Na ce, "Na'am, Baffa."

"Tatsuniyar nan da tsohuwa ta yi muku shekarar tulu biyu. Ka tuna ta?"

"Na tuna."

"Sarkin nan, bayan gero ya ƙone. Kashe shi suka yi, ko korarsa?"

Hannuna ya tsaya. Shekara talatin da wani abu yana ɗauke da wannan tambaya. A iya sanina, wannan ce doguwar magana ɗaya tak da uwarsa ta taɓa yi dominsa, ita ma ta bayan zana, kuma rabin mai zafi kawai ya ji ya tashi. Mu da muka ji ƙarshen kuwa yara ne, ba mu san ya kamata mu kai masa ba. Ita kuwa ba ta da bakin da za ta kira shi ta ƙarasa.

Na ba shi ƙarshen tun daga tuɓe takalmi, ban rage komai ba. Da na zo kan maganarta ta ƙarshe, ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya. Haka ta ce? Da bakinta?"

Na ce, "Wallahi haka ta ce, Baffa. Ka tambayi Zinaru."

Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya juya fuskarsa wajen bango, kamar yadda ita take yi in ya shigo gaishe ta. Can ya share ido da bakin rawaninsa, ya yi 'yar dariya.

Ya ce, "Kai, Laminu. Da na sani da na zauna na ƙarasa tuwon nan."