Ranar da Na Diro Daga Kan Maɗaci a Dajin Kebbe

Akwai wata rana a cikin wata bazara, can zamanin Turawa, wadda ko tsufa ya ɗauke mini duk abin da na sani, ita kam ba za ta bar zuciyata ba. Ita ce ranar da na diro daga kan maɗaci a dajin Kebbe na tashi da raina. Amma labarin ba zai tafi daidai ba sai na fara da yayana, domin bayan ikon Allah, ba don shi ba da yanzu wani ne ke ba da labarin nan a madadina.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi, sai dai ya ba ni shekaru masu yawa. Tun ina ƙarami ya bar Tambuwal ya shiga soja, bayan an gama yaƙi ya zama direban wani Bature mai aikin hanya a Sakkwato. Da Baturen zai koma gida sai ya tafi da shi Ingila, ya yi 'yan shekaru a can yana tuƙa shi yana gyara masa mota. Lokacin da ya dawo ina da mata da ɗa, ina noman gonar gidanmu, ina kiwon 'yan shanun da mahaifinmu ya bari. Bai zo da wani abin duniya ba. Labari ya zo da shi, labarin kuwa ya ƙi shiga kan kowa.

Ya ce a can akwai mutanen da ke shiga ƙaramin jirgin sama, a tashi da su har gidaje su koma kamar akurkin kaji, sa'an nan mutum ya fito ya taka fiffiken jirgin ya sako kansa da gangan. Laima ce goye a bayansa, ta buɗe ta sauko da shi a hankali. Ba yaƙi suke yi ba, ba wanda ya tilasta su. Sha'awa ce kawai, kamar yadda wani ke son farauta wani ke son kokawa. Baturen nasa yana cikinsu, ta nan ya fara binsu yana ɗaukar musu kaya, ya koyi naɗe laima, har wata rana suka ce shi ma ya gwada. Ya gwada, ya kuma sake, har ya zama ɗaya daga cikinsu.

Ranar da ya fara ba da labarin nan a ƙofar gidanmu, wani dattijo maƙwabcinmu ya saurara har ƙarshe, ya gyara zama ya ce, "To ni abin da ban gane ba, mi ya kore su daga cikin jirgin?" Aka yi ta dariya. Tun daga nan ake ce masa mai laima, yara na faɗa a bayansa, manya na faɗa a gabansa. Bai taɓa nuna ya ji zafi ba, amma ya daina ba da labarin a cikin taro. Ni kaɗai yake ba, in muna gona ko muna ɗaure shanu.

Abin da ya ba ni mamaki, ba ya yawan maganar dirar kanta. Mutanen yake tunawa. Akwai mahauci a cikinsu, akwai mai raba wasiƙu, akwai wata ma'aikaciyar asibiti da ya ce ta fi mazan duka ƙarfin zuciya. Ranar hutu suke haɗuwa a wani fili bayan gari, kuma yawancin yinin a zaune suke yinsa, suna shan shayi suna kallon wani ƙyalle mai kama da hannun riga da aka rataya a kan sanda. In ƙyallen ya miƙe, iska ta yi yawa ke nan, ba mai tashi. Matar nan ta ɗauko saƙarta, mai wasiƙu ya kwance kekensa yana gyara, shi kuwa yayana ya tona ramuka a ƙasa ya koya musu dara. Wani lokaci har rana ta faɗi ba a tashi ba, kowa ya naɗe kayansa ya tafi gida ba tare da ɓacin rai ba. Ya ce dokokinsu ba su da yawa, amma ba a wasa da su. Ba mai shiga jirgi sai ɗan'uwansa ya duba masa igiyoyi da hannunsa. Ba mai hawa sama sai ya taka filin da zai sauka da ƙafarsa ya san abin da ke ciki. Kuma kafin a bar mutum ya taɓa laima, sai ya koyi faɗuwa.

Wannan ta ƙarshen ce ya ɗora mini. Ya ga yadda nake hawa itatuwa ina saro wa shanu ganye in ciyawa ta ƙare, sai ya ce tunda na iya hawa dole in iya faɗowa. Ya riƙa jana bayan gari, bakin wani rafi da ya ƙafe, ya sa ni in hau gaɓa in diro kan yashi. In haɗe ƙafafu, in saki gwiwa, in manne hannuwa a jiki, da na taɓa ƙasa in bi gefe guda in mirgina. Babban abin da yake hana ni shi ne miƙa hannu in tare ƙasa. Ni magidanci da iyali, ina birgima cikin yashi kamar jaki, mata masu ɗebo ruwa suna wucewa suna rufe baki da gyale. Matata ma ta tambaye ni ko lafiya. Na ci gaba da zuwa ne don yayana ne, ban iya ce masa a'a, kuma na lura a nan kaɗai nake ganin fuskarsa ta sake.

Shekarar da abin ya faru, ruwa ya yi jinkiri. Ciyawa ta ƙare ƙaf a wajenmu, shanu suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, wata saniya mai ciki ta fara kwanciya sai an taru an tashe ta. Baffanmu da ke zaune wajen Fakku ya aiko cewa in koro su can, daji bai ƙare ba, akwai ganye. Da yayana ya ji sai ya ce da shi za a tafi. Na ce masa tafiyar ƙasa ce, shi kuwa ya saba da mota. Ya ce ai hawan itace zan yi, kuma ba a barin mai hawa shi kaɗai.

Muka isa lafiya, Baffa ya sauke mu. Bayan mun huta, wata safiya muka kora shanun cikin daji har muka sami wani maɗaci dogo, ganyensa shar, ba wanda ya taɓa shi. Da ina da wayo da na tambayi kaina abin da ya sa makiyayan wurin suka bar shi. Na soke gatari a ɗamara zan kama hawa, yayana ya ce in dakata. Ya zagaya gindin itacen yana duba ƙasa. Akwai wasu duwatsu a ƙarƙashin babban reshen, da wani kututturen geza da aka sare ya bar tsini kamar mashi. Ya karɓi gatarin ya sare kututturen har ƙasa, ya mirgine duwatsun gefe ɗaya bayan ɗaya, ya share wurin da ƙafa. Ni ina tsaye rana tana ɗagawa, shanu suna kuka, raina yana ɓaci. Na ce, "Yaya, ganyen nan dai ba bisa tabarma za shi sauka ba." Ya ce ba don ganye yake yi ba, in hau.

Na hau. Na wuce rassan ƙasa na kai babban reshen nan, na zauna a kai kamar kan doki, na fara sara. Ganye yana zuba, shanu suka yo kansa. Ban yi nisa ba na ji wata ƙara a bayana, kamar ruwa na tahowa daga nesa. Na waiga. Ashe akwai kogo a jikin itacen, daidai inda na bi na hau, zuma ce a ciki, saran da nake yi ya tashe ta. Kafin in yi wani tunani ta rufe ni.

Wanda zuma ba ta taɓa taruwa a kansa ba ba zai san abin da nake nufi ba. Fuska, wuya, kunne, cikin riga, ko'ina wuta. Hanyar sauka ita ce hanyar kogon, ba halin komawa. Na fara kaɗa hannu da gatarin a riƙe, jikina yana karkacewa, saura kaɗan in sulluɓo ta ka. A cikin wannan hali na ji muryar yayana daga ƙasa. Bai yi kururuwa ba. Da irin muryar da yake mini magana a bakin rafi ya yi magana, sai dai ya ɗaga ta yadda zan ji.

"Yar da gatarin can nesa. Madalla. Matso gaba bisa reshen, kada ka tashi tsaye. Yanzu kama shi da hannu biyu ka sako jikinka, ka rataya."

Na yi yadda ya ce, ban ma san ina yi ba. Na rataya, ƙafafuna suna lilo, zuma tana cin yatsuna. Na buɗe ido ɗaya na dubi ƙasa, sai na ga shanu sun yi ƙanana, hannuna ya ƙara ƙanƙame reshen. Na san ba zan iya saki ba.

"Kada ka dubi ƙasa, dubi gabanka. Na duba wurin, lafiya lau shike. Haɗe ƙafa. Ka yi bisimilla ka saki, ga ni nan."

Cewar da ya yi ya duba wurin ita ta buɗe mini hannu. Na yi bisimilla na saki. Abin da nake iya tunawa shi ne iska ta cika mini riga, sai kuma ƙasa ta buge ni daga tafin ƙafa har ƙwaƙwalwa. Jikina da kansa ya yi abin da aka koya masa, gwiwa ta lanƙwashe, na bi gefen dama na mirgina, hannuna bai fita ba. Na ji wani abu ya yi ƙara a idon sawuna, amma na san ina raye, don ina jin harbin zuma.

Zumar ta biyo ni ƙasa. Shanu suka watse cikin daji. Yayana da yake da hanyar gudu bai gudu ba, ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe ni da ita, ya kama ni ta hammata yana ja, shi kuwa ba komai a jikinsa sai 'yar shara. Haka ya ja ni har cikin wani duhun sabara, ya kwanta a kaina. Wasu Fulani da ke kiwo kusa suka ga shanu a guje suka gane abin da ya faru, suka zo da busasshen kashin shanu suna hayaƙi, da haka aka samu ta lafa. Su suka ɗauke mu zuwa gidan Baffa, su kuma suka tattaro mana shanun, har da mai cikin, ba wadda ta ɓata.

Aka kira mai ɗori daga Kebbe. Ya lalluba ƙafar ya ce ƙashi ya tsage amma bai rabu ba, ya ɗaure ta da karare. Da aka gaya masa reshen da na diro daga kai sai ya sake lalluba bayana da wuyana, bai yarda ba sai da ya ga na motsa yatsu duka. Ya ce ya sha ɗora waɗanda suka faɗo daga inda bai kai nan ba, wasunsu ba su sake tafiya ba. Baffa ya je ya ga wurin da idonsa, ya dawo ya ce shaidar inda na sauka tana nan daidai kan kututturen da aka sare.

Yayana ya fi ni shan wuya. Fuskarsa ta kumbura har idanunsa suka rufe, zazzaɓi ya kama shi, aka yi kwanaki ana tsoron abin da zai faru. Ɗaki ɗaya aka shimfiɗa mana, ni ba ƙafa shi ba ido, matar Baffa tana kawo mana kunu tana cire masa ƙarin zumar da ya saura a bayansa. Ranar da ya fara samun sauƙi, da hantsi, na tambaye shi ko shi bai taɓa jin tsoro ba lokacin da yake sako kansa daga jirgi. Ya yi dariya da leɓensa mai kumburi ya ce ba ranar da bai ji ba, kuma duk wanda ya ce ba ya ji, mutanensu ba sa yarda su tashi da shi. Sa'an nan ya ce, "Amma ban san tsoro ba sai da na gan ka tsakanin reshen nan da ƙasa. Da ka miƙa hannu, ban san mi zan gaya ma Inna ba."

Na so in yi masa godiya a lokacin, amma ban furta ba. Na dai miƙa hannu na kama nasa.

Ruwa ya sauka muna can. Muka koma Tambuwal ni a kan jaki, shi yana kora shanu. Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, bai sake shiga jirgi ba har Allah ya karɓi abinsa. Ni kuwa na haifi sauran 'ya'yana, na aurar da su, na ga jikoki, duk a kan ƙafafun nan biyu, sai ɗan ɗingishi in sanyi ya yi. Ina yi masa addu'a kullum, ina kuma haɗawa da fatan alheri ga mutanen nan da ban taɓa gani ba, mahaucin da matar asibitin da sauransu, waɗanda suka karɓi baƙo suka koya masa abin da suka sani, har amfaninsa ya iso dajin Kebbe.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, in mai ƙaunarka ya dage sai ya koya maka wani abu, ka tsaya ka koya ko da ba ka ga amfaninsa ba, ko da ana yi maka dariya, domin lokacin da za ka buƙace shi ba za a ba ka damar tambaya ba. Kuma in Allah ya ba ka mutumin da zai ɓata maka lokaci don ya tabbata ka koma gida lafiya, ka gode masa tun yana raye, da bakinka, yana ji.