Wuyan Kwanso da Girata ta Dama

A kamfanin iskar gas ɗin da nake aiki a Doha akwai wani dattijon Bature ɗan Afirka ta Kudu, mai duba walda, wanda muke cin abincin rana a teburi ɗaya. Ba shi da hira sai ta farauta. A gonarsa can gida yana da ɗaki guda da ya keɓe don ɗura harsashi da hannunsa: ya tattara kwanson da aka riga aka harba, ya gyara shi, ya zuba albarushi, ya dasa masa sabon kai.

Wata rana ya zauna fuska a murtuke, ya ce hutun da ya je na ƙarshe ya ɓata masa rai. Harsasan da ya ɗura, da ya tura su cikin bindiga sai kan ya nutse cikin kwanson. Ya ɗauki murfin biro ya nuna mini: wuyan kwanson ne ya kamata ya riƙe kan gam, to nasa ya saki. Ya ce abin ba na wasa ba ne, domin in kan ya koma ciki wurin albarushi ya matse, kuma bindiga na iya fashewa a hannun mutum. Dole ya ajiye su duka bai harba ba.

Da na ce Allah ya kyauta na ci gaba da cin shinkafata, da shi ke nan. Sai na ji bakina yana cewa, "Ai ka zo wurin da ya dace. Kakana maharbi ne, a gidanmu harsashi gado ne. Ga shi kuma ni injiniya ne, ƙarfe ya riƙe ƙarfe ai karatuna ke nan."

Ya dube ni da girmamawar da bai taɓa yi mini ba. A lokacin kusancin da na taɓa yi da bindiga bai wuce na shingen 'yan sanda a hanyar Zariya ba.

A ƙasar nan ba mai ajiye harsashi a gida sai wanda ya gaji da zama, don haka na nemi abin da zai tsaya a madadinsa. Na sayo siririn bututun jan ƙarfe irin na masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki, na yayyanka shi. Kan harsashi kuwa, ƙwallon dabino na ga ya fi kama da shi. Na baza kayana a teburin cin abinci a gidanmu na unguwar Bin Mahmud, ina cusa ƙwallo a bututu, ina danna shi da bango in ga ko zai nutse. Wani ya nutse, wani ya ƙi, wani ya tsallake ya faɗa bayan firiji. Ban tsaya na lura cewa babu ƙwallon dabino biyu masu kauri ɗaya ba.

Uwargida ta tsaya a kaina da tsintsiya a hannu.

"Injiniya, wannan kuma aikin ofis ne?"

"Bincike ne."

"To binciken ya cinye dabinon da na ajiye wa baƙi."

Na karanta cewa tagulla, wadda da ita ake yin kwanso, tana taurara in an yi ta amfani da ita, kuma wuta tana mayar mata da laushi. Na kama guntun bututu da abin juya suya na ɗora a kan gas har ya yi ja, na rasa inda zan ajiye, na sauke shi a kan farantin roba. Hayaƙi ya tashi, ƙararrawar gobara ta ɗauka, maƙwabta suka fito da yara a kafaɗa. Mai gadin ginin ya hawo yana haki, ya dubi farantin, ya dube ni, ya ce, "Khalas?" Na ce khalas, wato shi ke nan da Larabci.

Duk da haka na fito da sakamako. Na sa bututu ɗaya a firiji, na bar ɗaya a mota cikin rana, na ga kamar na motar ya fi sakin ƙwallo. Na je wa Baturen da labari ina taƙama: zafi ne ke buɗe wuyan kwanson. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce a hankali gonarsa a kan tudu take, kuma da hunturu ya ɗura su, sanye da rigar sanyi biyu.

"Amma ka ba ni sha'awa," in ji shi. "Ranar Asabar zan kai ka kulob ɗin harbi. Ina so in ga hannun jikan maharbi."

A nan ne na tuna da Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san kakan namu da ƙarfinsa. Na kira ta don in samo ko da sirri ɗaya na gado. Bayan gaisuwa na ce, "Gwaggo, wace irin bindiga Baba yake farauta da ita?"

Ta ce, "Bindiga kuma? Wane Baban?"

"Ai an ce maharbi ne."

Dariya ta ci ƙarfinta har sai da ta yi tari. Ta ce tarkon gafiya yake kafawa a bayan rumbu, kuma ko shi ba kullum yake kamawa ba. Maharbi laƙabi ne da abokan wasansa suka liƙa masa, tun ranar da ya jefi kura da takalmi ya gudu ya bar ɗayan. Ta ce in an buga bindigar sallah a ƙofar hakimi ɗaki yake shigewa.

Ranar Asabar ta zo, ban sami ƙarfin halin janyewa ba. A kulob ɗin aka karɓi katin shaidarmu, aka ba mu abin toshe kunne, wani malamin harbi ya zaunar da ni a bayan wata doguwar bindiga mai madubin hange. Ya yi mini bayani, ni kuwa ina ta gyaɗa kai irin na wanda ake maimaita wa abin da ya sani. Cikin bayanin akwai cewa in manne gindin bindigar a kafaɗa, kada kuma in kai ido kusa da madubin. Amma takardar da ake so in harba ta yi mini nisa, sai na matsa don in gan ta da kyau, na ja kunama.

Ban ji ƙarar ba ma. Na dai ji kamar an sare ni da bakin kofi a gira, sai ga jini yana sauka a kan farar rigata. Malamin ya karɓe bindigar, Baturen ya danna mini hankici yana ta ba ni haƙuri, kafaɗunsa suna rawa saboda dariyar da yake dannewa. Aka duba takardar ba ko ƙwarzane. Ta maƙwabcina ce aka samu da huda ɗaya fiye da abin da ya harba.

Da na koma gida da filasta, uwargida ta dubi girata. Ta kawo ƙanƙara a leda, ta zauna kusa da ni, can ta ce, "Gwaggo ta kira. Ta ce a gaishe da maharbi."

Baturen ya sake zuwa hutu ya dawo da fara'a. Ashe kwansunan ne suka tsufa, an ɗura su an sake ɗurawa har wuyansu ya daina kamawa. Ya zubar da su ya sayi sababbi, magana ta ƙare. Na tuna masa cewa ai na taɓa ambaton taurin tagulla. Ya ce ƙwarai, ya tuna, ranar da na ƙona faranti.

Tabon yana nan, a lanƙwashe kamar ɗan baka a kan girata ta dama. Wata Juma'a na je unguwar Mu'aither cin tuwo wurin 'yan uwanmu direbobi da masu gadi, wani ya tambaye ni abin da ya same ni a ido. Na ce wurin harbi ne. Nan take aka matso mini da kwanon nama. Wani direba ɗan Katsina ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, wana yana da bindigar farauta a gida, ya ce kwanan nan ba ta cin daidai. Me kake gani?"

Na ajiye lomar da ke hannuna, na share baki, na tambaye shi irin harsashin da yake amfani da shi.