Tuwon da Na Mayar

Takardar ta same ni ranar kasuwa da hantsi, ina tsaye a rumfar mahauta ina duba hantar wani sa da aka yanka. Masinjan En'e, wato hukumar gargajiya, shi ne ya kawo ta daga Ikara a kan keke. A lokacin shekarata uku ina aikin duba-gari a wani gari na ƙasar Ikara, ba nisa da Saulawa, kuma ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Turawa suna ta ɗaure kayansu, kujerunsu suna zama ba kowa, gwamnati tana neman 'yan ƙasa da suka riga suka gama makarantar aiki, ta ƙara musu karatu su hau. Sunana ya faɗo cikin waɗanda aka zaɓa.

Gurbi biyu aka ajiye mini, aka ce in ɗauki ɗaya. Na farko karatun kiwon lafiyar jama'a ne, shekara biyu a Kudu, inda za a koya wa mutum sha'anin ruwan sha da rigakafi da yadda ake tare annoba. Wanda ya gama, ƙauye za a sake mai da shi, sai dai ƙasar da zai riƙe ta fi faɗi. Na biyu karatun tafiyar da asibiti ne, shekara ɗaya a Kaduna, daga nan sai ofis da tebur da ma'aikata a ƙarƙashinka. An ba ni mako biyu in cika takardar in kai da hannuna.

Sarkin pawa yana kallona ina karantawa, wuƙarsa a hannu.

"Malam duba-gari, Allah ya sa ta canji ce," in ji shi. "In ita ce, yau tsire sadaka ne a kasuwar nan."

Mahauta suka bushe da dariya. Na ce, "To sai a fara da ni, Sarki. Tsinke ɗaya ya ishe ni."

"Kai? Ai kai ba ka cin na mutane. Duba hantarka ka ba mu wuri, ƙudaje ma sun gaji da jiranka."

Na yi murmushi, na naɗe takardar na sa a aljihun kakina. Na ɗauka irin baƙar maganar mahauta ce da na saba.

Ya kamata in faɗi yadda zamana yake a garin. An sauke ni a shagon ƙofar gidan mai unguwa, wani dattijo manomi mai yawan shiru. Ba wanda ya taɓa zagina, ba wanda ya hana ni gaisuwa. In na ce ina kwana, a amsa mini har da ina gajiya, ina aiki, ina labarin mutanen garinmu Kudan. Amma daga nan magana ta ƙare. In an idar da sallar magariba, magidanta sukan fito da akusansu ƙofar gida su haɗu su ci tare. Ko baƙon da ya sauka daga mota ɗazu, in ya gifta sai an ce masa bismilla. Ni kuwa in na zo wucewa, sai hira ta lafa, kowa ya sunkuya kan lomarsa har in shige. Sai in kunna risho in dafa ɗan abin da na iya, in ci ni kaɗai, ina jin muryoyinsu ta bayan bango.

Na daɗe da yanke wa kaina hukunci cewa aikin ne ya jawo. Wa zai so mutumin da yake leƙa randar matarsa, ya tuntsurar da ruwan in ya ga tsutsa, ya sa a binne naman da aka kashe kuɗi aka saya? Don haka da na ga gurbin Kaduna, zuciyata ta tafi can tun ban gama karanta layin ba. A ofis ba wanda zai rufe tukunya don ya hango ni.

Sai dai ba a yanke babban al'amari ba shawara, ni kuma ba ni da wanda zan yi ta da shi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya rasu tun ina makarantar tsafta. Shi ya koya mini ajami kafin in san boko, kuma da ajamin na rubuta wa mahaifiyata a Kudan, don limamin unguwarmu ya karanta mata. Na bayyana mata gurbin nan biyu dalla-dalla, har shafi biyu. Amsa ta zo a hannun wani mai kai rake Makarfi, layi uku. Ta ce duk wanda na ɗauka Allah ya sa albarka, amma ita karatun da take jira shi ne na ɗaurin aure. Na yi istihara kwana uku, ban ga komai ba, zuciyata ma ba ta natsu ba. Takardar tana nan cikin gafakar Alƙur'anina, kwanaki suna tafiya.

Damina ce, lokacin maimai, wato noma na biyu, kuma a shekarar kurkunu, ciwon tsutsar nan mai fitowa a ƙafa, ya yi yawa. Gari yana shan ruwan wani kududdufi da ke gabas, nan ake ɗiba, nan masu ciwon suke tsoma ƙafa don su ji sanyi. Tun zuwana nake faɗa cewa ƙwan tsutsar a ruwan yake, a riƙa tacewa da ƙyalle mai tsabta, mai ciwo kuma kada ya shiga. Na faɗa a ƙofar masallaci, na faɗa a kasuwa. Kullum sai a ce, "Gaskiya ne, Malam, Allah ya saka," gobe kuma in ga tuluna sun dawo yadda suka saba. Ga shi yanzu majiya ƙarfi suna kwance a zaure, ciyawa tana cin dawa.

Saura kwana huɗu wa'adin takardar ya cika, mai unguwa ma ya kwanta. Tsutsar ta fito masa a idon sawu. Bayan la'asar na shiga zaurensa da ruwan ɗumi da auduga, na same shi kan buzu ya miƙe ƙafar. Na wanke wurin, na kama kan tsutsar na fara naɗe ta a tsinke a hankali, don in ta tsinke a ciki ƙafa kumbura take yi.

"Baba," na ce, "da ana tace ruwan nan da ba a kai ga haka ba."

"Haka kake faɗa."

"To me ya sa ba a yi? Ƙyalle ne fa kawai. Ba kuɗi, ba wahala."

Ya dubi tsinken da ke hannuna. Can ya ce, "Malam, in tambaye ka. Ran da ka sauka garin nan, me ka ci da daddare?"

Na ce ban tuna ba.

"Ni na tuna abin da ba ka ci ba. Uwargidana ta tuƙa tuwon dawa, ta sa aka yanka zakaranta, ta zuba man shanu. Ban aiki kowa ba, ni da kaina na ɗauko akushin na kawo maka shago, don an ce baƙon na hukuma ne. Ko faifan ba ka ɗaga ba. Ka ce in yi haƙuri, dokar aikinku ta hana."

Sai abin ya dawo mini kamar jiya aka yi. A makaranta akwai wani Bature da yake koya mana dokokin aiki. Kullum sai ya buga tebur ya ce kada mu karɓi komai a hannun wanda za mu duba gidansa, ko goro ɗaya, don daga loma ake fara sayen ma'aikaci. Na riƙe maganar nan kamar karatun allo. A daren na ci ƙuli-ƙuli na kora da ruwa, na kwanta ina jin daɗin kaina, wai na tsallake jarrabawar farko.

"Mutane suna zaune a ƙofar gida," in ji mai unguwa, "suna kallo na koma da shi ciki yadda na fito da shi. Uwargida ta buɗe ta gani. Ta ce, wace ƙazanta ya gani a gidana tun bai shigo ba? Kafin gari ya waye magana ta gama unguwa. To mutumin da ya ce tuwonmu bai ciwuwa, shi ne ya dawo ya ce ruwanmu ma bai shawuwa. Ka ga laifinsu?"

Hannuna ya tsaya a kan tsinken. Ni ɗan Kudan ne, a cikin wannan al'ada aka haife ni. Na san baƙo ba ya mai da abinci. Ko ya ƙoshi, sai ya ɗaga faifai ya yi loma biyu, ya sa albarka, ya mai da kwano a wanke. Da wani ya yi wa mahaifiyata abin da na yi, da har ta mutu ba ta manta ba. Na san duk wannan, amma shekara uku ban taɓa haɗa shi da kaina ba.

"Baba, me ya hana ka gaya mini tun tuni?"

"Ana gaya wa mai gemu ya ci tuwo? Kuma kai mai ilmi ne, mun ce ko ka san abin da ba mu sani ba."

"Wallahi ba ƙyama ba ce. Tsoron a ce na ci hanci ne."

"Hanci?" Ya yi 'yar dariya, ta ƙare da nishi saboda ƙafar. "Da zakara ɗaya za mu saye ka? Ashe ba ka da tsada."

Na ce ya yi mini izini in tsaya a bakin ƙofa in nemi gafarar uwargidansa. Ya dube ni, sa'an nan ya kau da kai wajen bango.

"Ai ita ce muka kai makwancinta bara da bazara. Kana cikin sahu."

Ina cikin sahu kuwa, na baya. Na yi mata salla kamar yadda ake yi wa kowace tsohuwa, ban san akwai hakkinta a kaina ba. Na ce Allah ya jiƙanta, ya yafe mini. Ya ce amin, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ana jin luguden daka daga cikin gida.

Ban san abin da ya sa ba, sai na sami kaina ina ba shi labarin takardar. Na faɗa masa na Kudu, na faɗa masa na Kaduna. Shi ne mutum na farko a garin da na nemi shawararsa.

"Wanne ne ba ruwansa da shiga gidajen mutane?" ya tambaya.

Na ce na Kaduna.

"To ai ka samu. Takarda ba ta kawo wa mutum tuwo balle ya mayar." Ya gyara ƙafarsa. "Ni ban san karatunku ba, Malam. Ja a hankali, kada ka tsinka mini ita."

Iyakar shawarar da ya ba ni ke nan. Na ɗaure tsinken da ƙyalle, na yi masa sai da safe.

Kwana biyu ina juya maganar. Dalilina na son Kaduna guda ɗaya ne, cewa aikin duba-gari shi yake korar mutane daga jikin mai yinsa. Yanzu dalilin ya faɗi. Ba a taɓa gwada aikin a garin nan ba ma, tunda tun daren farko na toshe kunnen da zai saurare shi. Mutanen da ke kwance a zauruka, da gonakin da ciyawa ta ci, ina da kaso a ciki. In na tafi ofis, zan tafi ne ban taɓa sanin ko na iya aikin da aka koya mini ba. Wannan bai sa na ji son Kudu ba. Ban san kowa a can ba, ban iya harshensu ba, kuma na san in na dawo ba lalle a mai da ni wannan garin ba, balle in gyara abin da na ɓata. Amma da na ɗauko alƙalami bayan sallar asuba, Kudu na rubuta.

Ranar da wa'adi ya cika na hau keke na tafi Ikara. Babban duba-gari, wanda muke ƙarƙashinsa, ya karɓi takardar ya sa tabarau. Ya karanta, ya ɗago ya dube ni ta saman gilashin.

"Kai, lafiyarka? Kowa rububin Kaduna yake yi, har da masu zuwa gidana da safe. Kai aka ba ka a hannu ka ce Kudu?"

"Shi na zaɓa, ranka ya daɗe."

"Shekara biyu fa. Ka dawo kuma ka ci gaba da leƙa masai har ka yi furfura. Ko an yi maka asiri ne a ƙauyen nan?"

"Ba a yi ba."

"To in na buga hatimi ba gyara."

Na ce ya buga. Ya girgiza kai, ya hura hatimin ya danna, ya jefa takardar cikin tire tare da sauran.

A hanyar komawa hadari ya taso daga gabas. Kafin in kai rabi ruwa ya sauko, laka ta cika tayar keken har ta ƙi juyawa. Na ja shi na fake a wata bukkar masu tsaron gona, ba kowa a ciki. Nan na tara ruwan sama a tafin hannu na yi alwala, na yi la'asar, na zauna ina kallon dawa tana kwanciya tana tashi. Saura wata biyu in kama hanyar Kudu, kuma gobe da safe akwai ƙafar mai unguwa da za a wanke. Na jira har ruwan ya tsagaita, sa'an nan na kankare tayar da kara na ci gaba da tafiya.