Shayin da Na-Ƙoshi Ya Sha

Har yanzu idan aka miƙo mini kofin shayi a gidan mutane sai in ji hannuna yana rawa. Mahaifiyata ta ce gajiya ce. Ni kuwa na san abin da na gani a wani ƙauye na kan dutse ne bai sake ni ba.

Si Allal mai kai sammaci ne a garin Nador. Na shiga ofishinsa da na gama karatun shari'a a Wujda, ina koyon aiki kafin a rantsar da ni. Ɗaki ɗaya ne a saman shagon masu facin taya, da fanka mai ƙara da tarin fayil har kan taga. Shi kuwa gajere ne siriri, kullum cikin kwat ruwan toka ko da rana tana narka kwalta. A gabansa Si Allal ake cewa. A bayan idonsa, daga bakin teku har ƙauyukan kan duwatsu, Na-Ƙoshi ne.

A wajenmu wanda ya ci abincin gida ya ɗaure kansa. Ba ya kai wa gidan ɓacin rai, in kuwa ya kai, abincin zai bi shi ya kama shi a gwiwa. Ko masu yi wa maganar dariya ba sa gwadawa. Saboda haka da an hango mai sammaci sai a fito da tire: shayi, burodin sha'ir, man zaitun. Da yawa cikin abokan aikinsa sun sha, sun koma da takarda a jaka sun rubuta cewa ba su sami kowa ba. Si Allal tun yana saurayi ya yanke wa kansa hukunci. Kullum sai ya dafa ƙirji ya ce, "Na ƙoshi, Allah ya ƙara arziki." Ko ruwa ba ya karɓa. Kuma tun da bai san gidan da takarda za ta kai shi gobe ba, sai ya daina ci a gidan kowa. Matarsa Yamna ta gaya mini an daɗe da daina gayyatarsu biki.

"Wa zai gayyaci mutumin da ke kallon tuwon mutane kamar guba?" in ji ta. "Na auri katanga, 'yata."

Rabin aikinsa daga ƙetare yake zuwa, don babu gidan da ba shi da ɗa a Beljiyam ko Holan ko Sifen. Aure ya mutu a can, takarda ta biyo ta Rabat, babban birninmu, ta sauko kotunmu, ta ƙare a jakar Si Allal. Lokacin zafi, da motoci masu baƙuwar lamba suka cika gari, shi ne lokacin girbinsa.

Takardar Marzuk ta riga ni zuwa ofishin. Matarsa Nawal tana Beljiyam. Ya kawo 'yarsu Rim hutu, ya bar ta wurin tsohuwarsa a ƙauye, bai mayar da ita ba. Nawal ta kai ƙara a can, amma alƙali ba zai zauna ba sai an tabbatar sammaci ya kai ga mutumin. Shi kuwa yau yana Sifen, gobe ba a san inda yake ba, danginsa kuma sun rantse ba a gidan yake zaune ba. Sau biyu takardar tana komawa. An sake sa ranar zaman kotu, kuma idan wannan ta wuce sai wata shekarar.

Ni ke ɗaukar wayar Nawal. Kowace safiya, kafin ta shiga aiki. Ba ta kuka. Sai dai ta ce, "'Yar'uwa, akwai labari?" In ce babu. Ta ce, "To, Allah ya ba ku sa'a," ta yi shiru ba ta kashe ba, ni ma in kasa kashewa.

Ran nan mai facin taya ya hauro da labari: ƙanen Marzuk na aure ranar Asabar, an ga Marzuk a kasuwa yana sayen raguna, kuma washegarin biki zai shiga jirgin ruwa.

Ranar Asabar da sassafe muka kama hanya. Si Allal yana da ciwon suga. Ya yi allurarsa a mota, ya ce zai karya kumallo idan mun isa, akwai dabino a aljihun mota. Amma motocin 'yan biki sun toshe hanya tun daga busasshen rafi. Ya ce kada mu tsaya, yara sun gan mu, labari zai riga mu. Muka bar motar muka hau da ƙafa. Sai da muka yi nisa na tuna dabinon.

"Baba Allal, in koma in ɗauko?"

"Ki koma, shi kuma ya haura katanga? Taho."

Hawan ya fi yadda muka zata. Na ga gumi yana zubo masa ta bayan kunne, leɓensa ya yi fari. Da muka kai ƙofar gidan, kiɗa na tashi, ƙamshin nama ya cika ko'ina. Wani ƙato cikin farar jallabiya ya tare mu da tire, yana murmushin mugunta.

"Lale da Si Allal! Yau kam ba ka da hujja, biki ne. Bismilla."

"Na ƙoshi," in ji shi. Muryar kamar ba tasa ba. "Marzuk nake nema."

"Wane Marzuk? Ai yana Turai. Sha mana, ko kofi ɗaya."

Ya ɗaga hannu zai dafa ƙirji, hannun bai kai ba. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya zube a bakin ƙofa, jakarsa a ƙarƙashinsa.

Ban san na yi ihu ba sai da kiɗa ya tsaya. Na tallafo kansa, jikinsa sanyi ƙalau, idanunsa suna juyawa. Ina ta cewa suga, suga, ciwon suga ne. Mutane suka yi cirko-cirko. Sai wata tsohuwa mai zane a haɓa ta ratso su tana ture maza da gwiwar hannu. Lalla Tlaitmas ce, uwar Marzuk.

"Ku matsa, shashashai, mutum zai mutu mini a ƙofa ranar auren ɗana! Rim! Kawo sukari, maza!"

Wata yarinya ta fito a guje, da lalle a tafin hannu, haƙoranta biyu na gaba babu, tana riƙe da ɓallin sukari. Na san fuskar. Tana cikin fayil ɗinmu, sai dai a hoton ba ta kai haka ba. Tsohuwar ta jefa sukarin cikin shayi, ta juya da yatsa, ta durƙusa. Yana iya haɗiya. Ni na riƙe masa haɓa, ita tana ɗura masa kaɗan kaɗan tana cewa, "Sha, ɗan'uwana, sha."

Da ya dawo hayyacinsa, wasu maza biyu suka ɗaga shi suka jingina shi da bango a inuwar ɓaure. Ɗayansu, mai agogon zinare, har yana yi masa fifita da kwali. Lalla Tlaitmas ta tsoma burodi a man zaitun ta sa masa a hannu, ya ci, don ba shi da zaɓi. Wani daga baya ya ce, "Jama'a ku shaida, yau Na-Ƙoshi ya ji yunwa!" Aka fashe da dariya. Mata suka yi guɗa.

Shi bai yi dariya ba. Ya dubi kofin da ke gefensa, ya dubi burodin, sannan ya dubi mai fifitar. Na ga lokacin da ya gane shi. Mutumin da muke nema ne.

Tsohuwar ta gani ita ma. Ta goge hannu a zaninta ta ce a hankali, "Si Allal, ka ci abincina. Da hannuna na ba ka. Huta, ka ci nama, yara su raka ka mota."

Ni ba a rantsar da ni ba. Ko na fizge takardar na manna wa Marzuk a ƙirji, banza ce. Shi kaɗai zai iya. Na tuna shirun Nawal a waya. Na kuma dubi dattijon nan da rabin ransa ya dawo yanzun nan, sai na rasa abin da nake roƙon Allah ya sa ya yi.

Si Allal ya gyara zama. Sannan ya ce mini, "Ikram, miƙo mini jakata."

"Kai!" in ji ƙaton mai tire. "Ba ka da kunya?"

Na taya Si Allal buɗe zik ɗin. Ya ce, "Lalla, kin ceci raina, ba zan musa ba har gaban Allah. Na ci. In zai kama ni, ya kama ni." Ya nuna Rim da haɓa. "Amma yarinyar nan ma ta sha nonon wata. Wancan abincin ya riga naki."

Ya juya ga mai agogon.

"Kai ne Marzuk ɗan Haddu?"

Marzuk ya saki kwalin, ya mayar da hannuwansa baya. "Ba na karɓa. Ba na sa hannu."

"Ba dole. Na gan ka, na gaya maka, ga rana a rubuce. Zan rubuta ka ƙi karɓa, wannan ma ya isa." Ya ajiye takardar a kan tiren, ya ɗora kofin a kanta don iska.

Lalla Tlaitmas ba ta zage shi ba. Da ma ta zage shi. Ta ɗauki kofin, ta dube shi, ta buga shi da ƙasa. Ta kama hannun Rim ta shige ciki. Yarinyar tana waiwayenmu.

Muka sauko, yana dafe da kafaɗata. Ina jiran dutse a bayana, babu wanda ya jefa. Kiɗan ma bai dawo ba har muka kai rafi. A mota ya rubuta rahotonsa a kan cinya, ya buga hatimi, sannan ya kifa kai a kan sitiyari.

Ranar Litinin na gaya wa Nawal. Ba ta tambayi Marzuk ba. Cewa ta yi, "Kin gan ta? Da idonki?" Na ce na gan ta, ta yi tsawo, haƙoranta na gaba sun fita. A nan ne ta yi kuka. "Ban ma sani ba," take ta cewa, "ban ma sani ba."

Alƙalin can zai zauna a ranar da aka sa. Abin da zai yanke, da ko yarinyar za ta koma, ban sani ba.

Si Allal bai sake hawa benen ofis ba. Gwiwarsa ta hagu ta kumbura. Likita ya ce faɗuwar ce da shekaru. Yamna ta ce ita ma haka take gaya masa, amma ta faɗa tana kallon ƙasa. Fayilolin suna nan suna taruwa, kotu kuma ta aiko mini da takardar ranar rantsuwa. Na sa takardar a ƙarƙashin matashi, ban gaya wa kowa a gida ba.

Na je duba shi shekaran jiya. Yana kwance a tsakar gida da ƙafa a kan matashi. Ya ce ya aika wa Lalla Tlaitmas da curin sukari guda, kamar yadda mai neman afuwa ke yi a wajenmu. In an dawo da shi, an ƙi.

"An dawo da shi?" na tambaya.

"Tukuna." Ya gyara ƙafar yana cije baki. "Hanyar ce da nisa, ko kuma ta ajiye. Ke dai in kin ji motar ƙauyen ta shigo, ki leƙa mini."

Yamna ta kawo shayi. Na karɓa da hannu biyu don kada ya zube.