Malam Ma'azu, Mun Yi Shiru Ranar da Aka Kore Ka

Na Allah muke, kuma gare shi kowa zai koma. Da hantsin Laraba, 7 ga Mayu 2025, labari ya iske ni a kasuwar Gure cewa Malam Ma'azu Hashimu, tsohon kontabul, mai riƙe lissafin kuɗi, na kamfaninmu na abincin dabbobi, ya rasu bayan jinyar wata biyu.

Malam, ni ce Yakura, wadda ta sayar da awaki bakwai ta sayi hannun jari a kamfanin. Ban yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba, amma ba ka taɓa raina ni ba. Kakan zaunar da mu mata a inuwar biro, ofishin kamfanin, ka buɗe takardar shigar kuɗi da fitarsu, kana bin ta da yatsa: ga abin da ciniki ya kawo, ga abin da aka kashe kan inji da mota, ga rancen banki. Ka ce, "Yakura, riba a takarda take. Ki riƙa tambayar nawa ya shigo hannu."

A taron shekara na 2023 direkta ya karanta riba, aka yi tafi. Kai kaɗai ka miƙe. Ka nuna cewa dusa da anguryar da aka kai garuruwan Kelle da Alakoss duk bashi ne, ba a biya ba, kuma da rance ake biyan albashi, har da kason da za a raba mana. Aka ce hassada ce. A gabanmu aka karɓe makullin biro daga hannunka. Na gane duk abin da ka faɗa, don kai ka koya mini, amma na yi shiru saboda kason jika goma sha biyar, wato sefa dubu goma sha biyar, da aka yi wa kowa alkawari. Kuma na karɓa.

Bayan wata tara kamfanin ya rufe. Ba wanda ya zo ya ba ka haƙuri. Har cewa aka yi bakinka ne ya kashe shi. Ka koma rubuta wa mutane takardu a bakin tasha, kuma in na zo wucewa kai kake fara gaishe ni.

An ce mini waɗanda suka kore ka su ne a sahun gaba ranar jana'izarka.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya ba 'ya'yanka Fadilu da Nuriyya haƙuri, ya raya su bisa gaskiyarka. Raihana, mijinki ya tafi ban nemi gafararsa ba. Ke nake roƙo yanzu, in za ki iya.