Likkafanin Inna

Ina kaɗi a tsakar gida, alli a yatsuna, maƙwabciyarmu ta shigo ba sallama. Ta ce maigidana ya bar masaƙarsa, ya yayyanke zaren mutane da wuƙa, yana can bakin ganuwa yana gardama da wanda ba a gani. Na ajiye mazari na tashi. Inna, mahaifiyarsa, ta riga ni zuwa zaure.

Da la'asar maza suka kawo shi a ɗaure. Dattawan unguwa suka ce a sa shi a turu, gungumen nan da ake kulle ƙafar mahaukaci a ciki, kowa ya huta. Inna ta ce ba a gidanta ba.

Muka fara da malami. Aka ba da kafin alƙalami, ya sha rubutu, ya ɗan lafa, ciwon ya dawo. Muka biya mutane zarensu da ya ɓata. Awakina suka tafi, tasoshin aurena suka bi su. Da damina ta zo muka tarar mun cinye har geron iri. Masu kawo saƙa kuwa sun koma wani wuri, kuma ban ga laifinsu ba.

Sai aka faɗa mana wani mai magani a Dundaye, wanda ba ya duka, ba ya ɗauri, amma sai majinyaci ya zauna wurinsa, kuma ci da sha na kan danginsa. Ba mu da kuɗin da za mu kai.

Inna ta jawo lefenta daga ƙarƙashin gado ta fito da likkafaninta. Tsofaffinmu sukan tanadi nasu tun da rai. Ita ta kaɗa zaren da hannunta, ɗanta ya saƙa mata, fararen sawaye masu laushi da babu irinsu a unguwa. Ta miƙo mini, ta ce in ba dillaliya.

Na ce, "Inna, wannan fa? In ta Allah ta kasance, da me za a rufe ki?"

Ta ce, "Ke ɗiyata, gawa ba ta kwana tsirara garin Musulmi. Mai rai a abin ji. Kuma wa ya ce miki yanzu za ni? Sai na ga wanga yaro bisa masaƙa tai."

Aka sayar da likkafanin, muka kai maigidana. Ya shafe rani a Dundaye. Ina kai masa fura a ƙasa, in dawo in kama kaɗi. Wata rana na same shi zaune a inuwa, ya dubi gefen zanena ya ce wanda ya saƙa wannan ya yi ha'inci a zaren abawa. Na yi dariya, na yi kuka. Maigidana ne ya dawo.

Ba a taɓa sa ƙafarsa a turu ba. Ya koma masaƙarsa a gaban waɗanda suka ce ba zai koma ba, kuma aikin da ya fara shi ne sabon likkafanin Inna. Ta shafa shi, ta ce bai kai na farko ba, ta ɓoye a lefe. Ta yi shekaru bayan haka, kuma a cikinsa aka kai ta.

Shi ma ya rasu bara, da hankalinsa, da kalmar shahada a bakinsa. Kafin ya kwanta ya fara saƙa nawa. Ya kai rabi. Sauran zaren yana nan a masaƙa, ban ba kowa ya ƙarasa ba.